Magaryar Gidan Malam Bukar

Abdulmalik ya sare magaryar tsakar gidan ubansa lokacin da uban yake Umara.

Uban, Malam Bukar, mai zanen hula ne a Soron Ɗinki. Ba ya riƙe allura. A kawo masa farin ƙyalle, ya ɗora a kan allo a cinyarsa, ya zana, sauran aiki na masu ɗinki ne. Kakansa ne ya zo Kano da sana'ar daga Barno, ya zo kuma da ƙwallayen magarya ƙulle a bakin rawani. Ya binne su a tsakar gidan da ya gina. Guda ta fito. Kafin a haifi Malam Bukar ta riga ta wuce katanga.

Ba don 'ya'yanta ake ji da ita ba. 'Ya'yan ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka yawa. Don ganyen ne. Duk wanda ya rasu a zuriyar gidan, mace ko namiji, da ganyenta ake yi masa wanka. Babba a gidan ke tsinkowa da hannunsa, mata su daka a turmi, a zuba a ruwa har ya yi kumfa. Ko a Fagge mutum ya rasu, ko a Gwale, ba a taɓa ruwa sai ganyen ya iso. Kowa a dangi ya san abin da miƙa ganyen nan yake nufi: an yafe, babu sauran magana tsakanin mamaci da gida. Ba a taɓa hana kowa ba. Akwai wani baffan Malam Bukar da ya ƙare rayuwarsa a gidajen giya na Sabon Gari, ba mai gaishe shi. Ranar da aka kawo gawarsa an tsinko masa, an yi masa wanka kamar kowa.

Malam Bukar shi ya tsinka wa ubansa. Shi ya tsinka wa matarsa 'Yardada. Ya kuma zaɓi nasa reshen, na gabas, wanda ya sunkuyo kan ƙofar ɗakinsa. Ya nuna wa Abdulmalik tun yana saurayi, ya ce in ranar ta zo daga nan zai tsinka. Abdulmalik ya ce to.

Sunan da Malam Bukar ya yi a birni ma daga itacen nan ya fito. Yana da zane guda da ko daga nesa aka hanga a kan mutum an san hannunsa ne. Ganyen magarya ne: jijiya uku sun tashi daga gindi ɗaya, ta tsakiya miƙe, biyun gefe sun lanƙwasa sun koma sun same ta a baki. A ƙarƙashin kowane ganye ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya mai ƙugiya. Da yawa sun kwaikwaya. Wasu su manta mai ƙugiyar, wasu su yi jijiyar kamar ta ganyen mangwaro. Shi a gindin itacen yake zaman aiki. In ya yi shakka sai ya ɗaga kai.

Abdulmalik shi ne ɗansa namiji tilo. Ya yi boko, ya shiga kwangilar gini, Allah ya buɗa masa, ya yi gida a Nasarawa. Ɗa ne mai biyayya, wannan ba mai musu. Shi ya biya wa uban Umarar azumi, kuma tun jirgi bai tashi ba yana da shirin da ya ɓoye: zai gyara wa tsohon tsakar gida, ya dawo ya tarar da abin mamaki. Ya ɗauko wani mai tsara lambu daga cikin masu sayar da fulawa a bakin titi. Ya cire hular kansa, wadda uban ya zana masa da hannunsa, ya miƙa wa mutumin. Ya ce wannan ganyen yake so a shimfiɗa a ƙasa, daga bakin zauren ciki har ƙofar madafa, yadda in an hau soro an leƙo za a gan shi sak.

Aka ja igiya, aka zuba farar ƙasa. Jijiyar tsakiya ta zo daidai kan gindin magarya. Mai lambun ya ce ɗayan biyu, ko layi ya kauce ko itace ya tafi. Abdulmalik ya ce Baba bai taɓa jan karkataccen layi ba, ba kuwa a gidansa za a fara ba. Ya ƙara da cewa itacen ma ya tsufa, kullum ƙaya a ƙasa, da damina tsutsa na zubowa a kan mutane. Yayarsa Nana Hauwa, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta tana yi wa uban girki, ta fito ta tsaya gaban masu gatari. Ta ce ya ji tsoron Allah ya jira mai gida. Ya yi dariya, ya ce in aka jira ina abin mamakin, Yaya ta koma ciki kada reshe ya faɗo mata. Kafin la'asar an gama. Itacen kuwa wani mai tsire ya kwashe. Ganyen aka watsa wa ragunan maƙwabta. Kututturen aka haƙe iya inda gatari ya kai, aka zuba baƙin mai, aka rufe da dutse.

Malam Bukar ya dawo bayan ƙaramar Salla. Ya wuce zauren farko, ya wuce na biyu. Yana sa ƙafa a tsakar gida rana ta mare shi a fuska. Tunda aka haife shi rana ba ta taɓa samunsa a wannan wurin ba. Ya tsaya cik.

A gabansa ciyawa ce kore shar, gajera kamar darduma. An kewaye ta da wani shinge mai ganye rawaya, an aske shi da almakashi. Hanyoyi uku na jan dutse sun ratsa ta. A bakin zaure an dasa wasu siraran itatuwa biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya an ɗaure kansa da waya an lanƙwaso shi.

Abdulmalik ya kama hannunsa ya hau da shi soro. Dangin da suka zo taryar mai Umara suna ƙasa, sun ɗaga kai suna jira. Malam Bukar ya daɗe yana kallo. Ya bi jijiyar tsakiya da ido, ba ta kauce ba. Ya bi na gefe, daga gindi suka tashi, a baki suka haɗu. Ga ƙaya miƙaƙƙiya, ga mai ƙugiya. Duk masu kwaikwayonsa a birni ba wanda ya taɓa yi daidai haka.

Ya ce, "Zane ya yi."

Abdulmalik ya washe baki, ya leƙa ƙasa ya ɗaga wa yayarsa hannu. Ita ba ta ɗago ba.

Sai Malam Bukar ya tambayi inda itacen yake. Abdulmalik ya yi bayani, na igiya, na layi, na ƙaya da tsutsa. Uban ya saurara har ƙarshe.

"Ka sare itace ka zana mini hotonsa. To ranar da na mutu da me za ka yi mini wanka? Da ciyawar?"

Abdulmalik ya san za a yi tambayar, har ya tuntuɓi malamai a kanta. "Haba Baba, Allah ya ja kwana. Magarya ai magarya ce. Littafi bai ce sai ta gidanmu ba. A kasuwar Kurmi ana sayarwa, buhu-buhu."

Ba da raini ya faɗa ba, lallashi yake yi. Malam Bukar ya zare hannunsa daga nasa, ya dafa bango, ya sauka shi kaɗai. Ya bi ta gefen katanga don kada ya taka ciyawar, ya shiga ɗaki ya saki labule. Zamzam da dabinon da ya zo da su, Nana Hauwa ce ta raba wa mutane.

Bai tsine masa ba. Da ya tsine, da dangi sun taru sun san abin da za su roƙa. Shi magana kawai ya ɗauke. Abdulmalik ya ci gaba da zuwa gaisuwa kowace safiya kafin ya wuce wurin aiki, kamar yadda ya saba. In ya yi sallama uban yakan amsa, don wannan haƙƙin kowane Musulmi ne, ko baƙo. Daga nan ba ƙari. Abdulmalik ya durƙusa ya yi ina kwana, ya tambayi jiki, ya tambayi aiki, Malam Bukar yana jan layi a kan ƙyalle kamar kaza ce ta shigo. In gwiwa ta gaji sai ya ce a tashi lafiya, ya fita.

An ja wa lambun famfo. Malam Bukar ya sa aka cire kan famfon, ya jefa a aljihu. Ya ce wa Nana Hauwa ko ruwan wanke-wanke ta zuba wa abin nan ta nemi wani gidan. Lokacin zafi ne. Ciyawar ta fara yin fari-fari, sannan ja, sannan ta zama abin da iska ke kwashewa. Shingen ya fi taurin rai, ya yi ta zubar da ganye yana sakewa, daga baya ya haƙura. Malam Bukar bai tumɓuke ko ɗaya ba. Ya bar su a tsaye, busassu, don mai zuwa gaisuwa ya riƙa bi ta tsakaninsu.

Yana da aboki guda, Malam Isyaku, Bafillacen birni, wanda shi ke wankan gawar maza a unguwar. Tun suna yara suke tsokanar juna irin ta Barebari da Fulani, kuma shi kaɗai ke iya faɗa masa magana. Wata la'asar a dakalin ƙofar gida ya ce masa, "Babarbare, kai kam ba ka da rabo. An yi maka Aljanna a tsakar gida tun kana duniya, ka kashe ta da ƙishirwa."

Malam Bukar ya ce Bafillace me ya sani game da shuka, su da kakanninsu in sun ga kore sai dai su kora shanu ciki. Malam Isyaku ya ce ko ba komai su ba sa gaba da ɗa a kan itace, bawa dai bawa ne, ko an 'yanta shi sai ya riƙe ƙullaci. Suka yi dariya. Da dariya ta lafa Malam Isyaku ya sassauta murya, ya ce shi ne mai wankan nan, ya yi da ganyen Kurmi ya yi da na gida, kumfa ɗaya ce, kuma bai taɓa jin mamaci ya yi ƙorafi ba. Malam Bukar ya ce in ya gama zai shiga ciki.

Abdulmalik ya gwada gyara. Ya kawo dashen magarya a baƙar leda, irin mai manyan 'ya'ya da ake aurawa, ya ajiye a gaban uban. Malam Bukar ya tsinki ganye ɗaya, ya juya bayansa, ya shafa. Ya ɗauki ledar ya fita ƙofar gida ya ajiye wa akuyar maƙwabta, ya tsaya har ta cinye. Abdulmalik ya aika har Maiduguri aka zo masa da ƙwallaye. Uban ya ce wa Nana Hauwa, a gabansa, ta tambayi mutumin nan ko kakan wa ya ƙulle waɗannan a rawani. Abdulmalik ya turo dattawan dangi, ya turo liman. Malam Bukar ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, ya ce shi bai ce an yi masa laifi ba, su tambaya ko an ji ya zagi wani. Suka tashi ba su san inda za su kama ba.

Ganyen magarya kuwa ya daina zana shi. Masu kawo ƙyalle su roƙa, ya ce ba shi da abin dubawa.

Damina ta sauka. Wata safiya ya fito alwala, ya ga wani abu kore a jikin bangon ɗakinsa, tsakanin dutse da dutse, nesa da inda kututturen yake. Ya ɗauka ciyawa ce, har ya kai hannu. Abin ya soke shi. Ya tsuguna. Kara ne siriri, yana tafiya yana karkacewa hagu da dama, a kowace gaɓa ganye ƙarami mai sheƙi, bayansa fari. A gindin kowane ganye ƙaya biyu. Gatari ya ci gindi, baƙin mai ya ci kututture, amma saiwa ta yi nisa a ƙarƙashin gidan, ta zo ta ɓullo daidai inda reshen gabas yake sunkuyowa a da.

Bai kira kowa ba. Ya ɗauko tsohuwar wuƙa ya ɓamɓare duwatsun da ke kewaye, ya sassauta ƙasar da yatsu, ya kifa tsohon kwando mara gindi a kai. Daga ranar a nan yake alwala, ruwan ya gangara gindinta. Ya dawo da allonsa kusa da ita.

Nana Hauwa ta kira ƙanenta a waya. Ya zo da rana tsaka, ya bar aiki. Ya durƙusa gaban kwandon yana alhamdulillahi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce Allah ya rufa masa asiri, Allah ya mayar wa Baba abinsa. Ya miƙa hannu zai shafa ganyen. Malam Bukar ya ɗaga allon zane ya sauke masa a bayan hannu, da ƙarfi, har ƙarar ta fito da Nana Hauwa daga madafa.

"Kada ka taɓa."

Ita ce maganar farko da ya yi masa tun ranar soro. Abdulmalik, mai 'ya'ya, mai ma'aikata, ya janye hannu ya sa a hammata, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba.

A ranar ne Malam Bukar ya lura da hular. Shi ya auna kan nan, shi ya yanka ƙyallen, ya san inda bakinta yake tsayawa, yatsa biyu sama da gira. Yanzu ta sauko ta zauna a kan kunnuwa. Wuyan rigar ma ya yi masa yawa, farin idonsa ya yi ɗorawa. Ya gani sarai. Ya mayar da kai kan ƙyalle.

Ciwon hanta ne. Aka yi ta asibiti, a kwanta a tashi. Zuwa gaisuwa ya koma ranar Juma'a kawai, daga baya ya koma saƙo a bakin Nana Hauwa. Magarya kuwa ta yi ta girma, don saiwar tsohuwa ce ke ciyar da ita. Ta tsallake kwando, ta yi rassa. Kafin wata daminar ta kai ƙirjin mutum, ta cika da ganye har tana taɓa labulen ƙofa.

Nana Hauwa ta yi ta roƙon uban ya je ya duba ƙanenta. Ya ce yana da aiki. A ransa yana cewa yaron zai tashi. Ɗa ke binne uba, haka aka saba, kuma akwai lokaci. Ya bar shi ya ɗanɗana tukuna. In itacen ya kai tsayin ƙofa, ya fitar da reshen da za a nuna, sai ya kira shi ya nuna masa, magana ta ƙare a nan. Bai faɗa wa kowa wannan ba. Ba ya ganin akwai wanda ya isa ya ji.

Sai da Malam Isyaku ya zo da mai adaidaita har ƙofar gida, ya ce ko Babarbare ya shiga da ƙafarsa ko ya sa a ɗauke shi kamar buhun gero, sannan ya je. Matar Abdulmalik, Safiya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujera. Bai zauna ba. Ya tsaya daga wajen ƙafafu, ya yi addu'ar da ake yi wa kowane majinyaci, ya shafa. Abin da ke kan gadon bai fi rabin ɗansa ba. Ciki ya kumbura, hannuwa sun zama kara.

Abdulmalik ya tambaya ko magaryar ta girma. Nana Hauwa ce ta amsa, ta ce ta kai ƙirji, ganye kamar me. Ya yi murmushi. Ya juyo da ido kan uban.

"Baba, in abin ya zo, za a ba ni?"

Safiya ta sa mayafi a baki. Malam Isyaku ya taka ƙafar abokinsa a hankali.

Malam Bukar ya ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Ya juya ya fita. Adaidaita ta mayar da su gida. Da Malam Bukar zai sauka ne Malam Isyaku ya ce shi ya wanke mutane da yawa, amma bai taɓa ganin busasshe irin wanda ke tafiya da ƙafarsa ba. Malam Bukar ya ce a gaida gida.

Abdulmalik ya rasu wata Talata da hantsi. Aka kawo shi gidan ubansa, don a nan ake yi wa 'yan gidan sutura. Lungu ya cika, motoci har bakin titi. Aka shigar da shi ɗakin da aka yi wa uwarsa wanka. Mata suka ɗora ruwa, Nana Hauwa ta wanke turmi ta kafa shi a tsakar gida, a kan jan dutsen jijiyar tsakiya, don duwatsun suna nan, zanen bai goge ba ko da shukar ta mutu. Ta jingina taɓarya. Malam Isyaku ya naɗe hannun riga ya tsaya a bakin ƙofa. Likkafani ya zo, turare ya zo. Abu ɗaya ake jira.

Malam Bukar yana zaure yana karɓar gaisuwa. Yana amsawa daidai, murya ba ta rawa. Aka zo aka raɗa masa cewa ruwa ya yi. Ya ce ya ji. Aka sake zuwa. Liman ya dubi rana ya ce ana so a kai shi kafin azahar. Sannan ya tashi ya shiga ciki.

Mata suka buɗe masa hanya. Ya nufi itacen, kowa ya sauke numfashi. Nana Hauwa ta ɗauko faifai ta tsaya a bayansa. Safiya ta rarrafo ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce maganarsa ta ƙarshe ke nan, ya ce a gaya wa Baba shi dai kyautatawa ya yi nufi. Ta ce ko guda bakwai ne, ko guda ɗaya ne, a jefa a ruwan, ya isa.

Ya kama wani reshe. Ganyen ya yi yawa, da za a wanke mutum goma da shi ba za a ga gurbi ba, ya san haka. Ya juya ɗaya, ya ga farin bayansa, ya bi jijiyoyin uku da babban yatsa. Ya matse reshen, ƙaya mai ƙugiya ta shige masa tafi. Wannan reshen kuwa gabas yake kallo. Shi ya yi niyyar nunawa. Wanda za a nuna wa yana kwance a bayan labule, ya tafi bai jira an kira shi ba, kamar yadda bai jira ba ranar gatari. Ya sare itacen, yanzu kuma ya tafi da hannun da zai tsinka. In ya miƙa ganyen nan magana ta ƙare, kowa ya watse, a bar shi da itace da turmi, ba wanda zai tsaya a nan ranar tasa. Ya kasa bambance abin da ya taso masa, ko kuka ne ko fushi. Fushin ya fi sani, shi ya riƙe.

Malam Isyaku ya matso har kafaɗarsu ta haɗu. Bai ce Babarbare ba.

"Bukar, ruwa na hucewa. Ɗanka ne. An ba mashayi, ka gani da idonka. Tsinko."

Malam Bukar ya saki reshen. Ya goge jinin tafinsa a jikin riga. Ya juyo ya ba itacen baya, ya tsaya tsakaninsa da faifan, ya dubi turmin, ya dubi abokinsa.

"A aika Kurmi, an ce ana sayarwa. Nan ba zan ba da ko ganye ɗaya ba."